Jarrabawar Abokina na Filifin, da Abin da Ta Tona Mini

Edita ya daɗe yana kira ga 'yan makaranta su kawo abin da za a sa cikin shafin Hausa, ni kuwa ina ta noƙewa, don labarin da na ke da shi ba irin wanda mutum ke fita da farin jini a cikinsa ba ne. Amma da na ga lokacin jarrabawa ya matso, kowa cikinmu ya duƙufa kan littafi, ba ka jin kome da dare sai motsin takardu, sai na ce bari in ba 'yan'uwa labarin wata jarrabawa ta wata ƙasa mai nisa, wadda na sha wahalarta wata da watanni ba tare da sunana yana cikin masu ɗaukarta ba.

Ga yadda abin ya faro. Wana ya yi karatu a Madina, inda ya zauna ɗaki guda da wani mutumin Filifin, watau tsibiran nan masu yawa da ke can gabas, kudu da ƙasar Sin. Mutumin nan Musulmi ne daga Marawi, birnin da ke bakin tafkin Lanao cikin tsibirin Mindanao. Yana da ƙane sa'ana wanda ya ke so ya gyara karatunsa na Alƙur'ani, ba shi kuwa da mai saurare. Da wana ya ce masa ƙanensa ya yi sauka tun yana yaro, sai suka haɗa mu ta waya. Muka yi sharaɗi, ni in riƙa jin karatunsa, shi kuma ya riƙa gyara mini Turanci. Tsakaninmu da su sa'a 7 ce, saboda haka idan na idar da lisha na kintsa, wajen ƙarfe tara na dare, shi can ƙarfe huɗu ne na asuba, ya tashi ke nan. Muka yi kamar wata uku a kan haka. Ran nan sai ya ce mini, "Ustaz, ka yi mini afuwa, zan ɗan rage karatu, jarrabawar lasin ta taso mini." Na ce, "Lasin na me, na tuƙin mota?" Ya yi dariya har ya ƙware.

Ashe abin da ya karanta a jami'a shekara huɗu shi ne ilmin sanin laifi da masu laifi, watau me ke sa mutum ya yi laifi, yaya a ke gano wanda ya yi, yaya a ke yi masa shari'a, kuma me a ke yi da shi bayan an hukunta shi. A ƙasarsu takardar jami'a kaɗai ba ta isa a kira mutum masanin wannan fanni. Sai ya zauna jarrabawar gwamnati ya ci, ya yi rantsuwa, a rubuta sunansa cikin rajista, kamar yadda a ke yi wa likita da injiniya. Tun 1972 suka kafa dokar wannan, a 2018 kuma suka sake ta, suka ƙara mata tsanani. Wanda ya sami lasin ɗin hanya ta buɗe masa zuwa aikin ɗan sanda, ko na gidan yari, ko koyarwa, ko kuwa ya zama mai duba zanen yatsa da harsashi da takardun jabu, wanda a ke kira gaban alƙali ya ba da shaida. Samari da 'yan mata dubbai ke zama kowane karo, waɗanda ke faɗuwa kuwa ba kaɗan ba ne. Wanda ya ci, iyayensa kan sa a buga sunansa da hotonsa a wani babban ƙyalle a rataya a ƙofar gida, kowa ya wuce ya gani.

Abokin nan nawa ba don ƙyalle ya ke nema ba. Yaƙin da aka yi cikin Marawi a 2017, wata biyar ana ɓarin wuta, ya cinye kantin ubansa, tun daga ran nan gidan bai koma daidai ba. Ƙannensa uku suna makaranta. Akwai makarantun bita da a ke biya, inda a ke tara masu shirin jarrabawar a yi ta gwada su har ranar ta zo, amma shi ba shi da kuɗin shiga. Abin da ya ke da shi tsofaffin takardun wani da ya riga ya ci, da littattafan da ya ara. Sai na ce masa, tun da dai mun saba haɗuwa a wannan lokaci, mu raba shi biyu, rabi na Alƙur'ani, rabi in riƙa karanta masa tambayoyi yana amsawa. Ya aiko mini da hotunan takardun. Da haka na shiga abin da ban san iyakarsa ba.

Kwana uku a ke yi ana jarrabawar, fannoninta shida. Akwai dokokin laifi da tsarin shari'a, akwai tafiyar da aikin 'yan sanda, akwai hanyoyin bincike, akwai ilmin gwaje-gwaje irin na zanen yatsa da jini da guba da makamai, akwai sanin dalilan laifi da halin ɗan Adam, sa'an nan na ƙarshe sha'anin gidan yari da gyaran fursuna. Ƙa'idar ci ita ce mutum ya sami maki 75 cikin 100 idan an haɗa duka an raba, kuma kada ya gaza 60 a ko da fanni guda. In ya kai 75 ɗin amma wani fanni ya gaza 60, ba a ce ya ci ba, ba a ce ya faɗi ba, sai a jingine sakamakonsa. A ba shi dama sau ɗaya tak cikin shekara 2 ya sake wannan fanni, a wannan karo kuwa sai ya kawo 80. Da na karanta wannan na ce masa, "Kai, ɗan'uwa, wannan ai zalunci ne. Mutum ya ƙware a biyar, a tsare shi saboda ɗaya?" Ya ce haka dokar ta ke. Ni kuwa na riƙe ra'ayina har wata huɗu, kafin abin da zan faɗa a gaba ya kwance mini shi.

Da fari na ɗauko masa dabarar makarantar allo, don ita na sani. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ba a ƙara sabo sai an yi tishin tsoho. Na yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya. Wanda ya amsa daidai sau uku a jere in sa shi cikin gwangwanin madara, wanda ya kuskure ya koma hannu. Ran Alhamis ba sabon karatu, sai tishi kaɗai. Wannan ya yi amfani ƙwarai wajen sunaye da shekaru. Cikin mako kaɗan ko cikin barci aka tashe shi zai gaya maka Beccaria mutumin Italiya ne, a 1764 ya rubuta littafinsa, inda ya nuna tabbacin hukunci da saurinsa sun fi tsananinsa hana laifi. Zai gaya maka zanen yatsa iri uku ne manya, mai lanƙwasa kamar ƙugiya wanda ya fi yawa cikin mutane, da mai zagaye kamar faifai, da mai tudu kamar baka wanda ya fi ƙaranci, kuma a Ajantina aka fara kama mai kisan kai da shi a 1892.

Amma hadda tana da iyaka, a fannin doka muka ga iyakarta. Babban kundin laifuffukansu tsoho ne, tun 1932 a ke aiki da shi, tushensa kuwa dokar Sifen ce, don Sifaniyawa sun mallake su fiye da shekara 300. Cikinsa an kasa laifi mataki uku. Akwai wanda aka fara amma wani abu ya tare mai yi kafin ya gama. Akwai wanda mai yi ya gama duk abin da ke hannunsa amma abin bai auku ba, kamar wanda ya soki mutum suka ta kisa, likita ya cece shi. Sa'an nan akwai wanda ya cika. Kowane mataki da nauyin hukuncinsa. Abokina ya haddace wannan sarai. To, amma masu jarrabawa ba su cewa ka kawo ma'ana. Sai su ba ka ɗan labari, su jera amsa huɗu masu kama da juna kamar 'ya'yan kanya, su ce zaɓi ɗaya. Ga misali, mutum ya ɗauki kaya a kanti, mai gadi ya cafke shi a bakin ƙofa kafin ya tsere. Ni da shi duka muka ce ai wannan mataki na biyu ne, tun da bai tafi da kayan ba. Ashe babbar kotunsu ta yanke tun 2007 cewa sata ba ta da wannan mataki na tsakiya. Da zarar kayan ya shiga hannunka da nufin ɗauka, sata ta cika, ko taki ɗaya ba ka yi ba. Daga ran nan muka sake salo. Na daina tambayarsa mene ne kaza, sai in ƙago labari da mutanen kasuwarmu, in ce ya yanke, kuma ya faɗi dalili. Mahauta da 'yan koli na garinmu ba su san irin laifuffukan da na ɗora musu cikin dare ba, Allah ya yafe mini.

Wanda ya fi ba mu dariya cikin malaman fannin shi ne wani likitan Italiya, Lombroso, wanda ya fitar da littafi a 1876 yana cewa akwai mutanen da a ke haifa da laifi a jininsu, kuma ana gane su ta siffa, kamar girman muƙamuƙi da fāɗin kunne da tsawon hannu. Ya auna kawunan fursunoni masu yawa kafin ya faɗi haka. Daga baya wani likitan gidan yari na Ingila, Goring, ya auna fursunoni wajen 3,000, ya gwada su da mutanen da ba su taɓa shiga kurkuku ba, ya buga sakamako a 1913, bai sami wata siffa ta masu laifi ba. Na ce wa abokina, "Dubi babban likita da wauta irin ta 'yan ƙauye. In da haka ne ai da rabin ajinmu suna kurkuku." Muka yi ta dariya. Wannan ran Lahadi ne.

Ran Laraba ina makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa, aji biyar na firamare, yara sun fi sittin. Bayan tara wata yarinya ta fashe da kuka, ta ce kuɗin da uwarta ta ba ta na littafi sun ɓace daga jaka. Na tsaya gaban aji na duba fuskoki. Akwai wani yaro a layin baya, kullum a makare ya ke zuwa, rigarsa ba ta rabuwa da datti, idanunsa jajaye, ga wani tabo a goshi. Ban tambayi kowa kome ba. Ban ce wa ya fita lokacin tara, wa ya zauna ba. Ban ko karɓi jakar na duba da hannuna ba. Zuciyata kawai ta ce shi ne, na kuwa yarda da ita. Na kira shi gaba, na lalube aljihunsa, ban sami kome ba, na ce ya ɓoye ne. Ya rantse, na ce rantsuwar ɓarawo ba abar ji ba ce. Na yi masa bulala shida, na sa shi durƙuso a rana har aka tashi. Bai yi kuka ba, wannan ma na lissafa shi cikin shaidar taurin zuciya.

Da dare na ba abokina labari, ina jin kaina kamar wani babban mai bincike. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ustaz, yau ni zan yi tambaya, kai ka amsa. Wa ya ga kuɗin a jakar da safe?" Na ce yarinyar ce ta faɗa. "Wa ya ga yaron kusa da jakar?" Na ce babu. "An sami kuɗin a jikinsa?" Na ce a'a. "To, me ya sa shi?" Na buɗe baki in ce ai da ganinsa ka san zai aikata, sai maganar ta maƙale mini a wuya, don na tuna wanda muka yi wa dariya shekaranjiya waccan. Ya ce a karatunsu abu na farko da a ke koya wa mai bincike shi ne ya tabbatar laifin ma ya auku kafin ya nemi mai shi. Ya ƙara da cewa a dokarsu ta 2006 yaron da bai wuce shekara 15 ba, ko an tabbatar ya yi, ba a ɗora masa hukuncin laifi, sai a nemi hanyar gyara shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban bukaci mutumin Filifin ya koya mini wannan ba. Tun ina gaban malaminmu na zaure na karanta cewa kawo shaida yana kan mai ƙara, wanda ya yi musu kuwa rantsuwa ce tasa. Na haddace shi, na sha ba da shi a jarrabawa, ranar da ya kamata ya yi mini aiki kuwa ko tuno shi ban yi ba.

Kashegari uwar yarinyar ta aiko. Jakar tana da yagewa a ciki, kuɗin sun zurara tsakanin ƙyalle da ƙyalle, da daddare suka same su.

Na gaya wa hedimasta da bakina kafin ya ji a wani wuri. Dattijo ne, bai yi mini faɗa mai yawa ba, sai ya ce, "Malam, bulalar za ta warke kafin Juma'a. Sunan da ka ba shi fa, wa zai cire?" Gaskiyarsa kuwa. Na tsaya gaban aji na ce an ga kuɗi, yaron ba shi da laifi, ni ne na yi kuskure. Duk da haka da aka fita tara na ji wani yana kiran wurin zamansa kujerar ɓarawo. Shi kuwa bai zo ba ran nan, bai zo ba har mako ya ƙare. Cikin kwalayen da na yanka da hannuna akwai sunan wani malamin Amurka, Tannenbaum, wanda ya rubuta a 1938 cewa idan jama'a suka laƙaba wa yaro sunan mugu, suka ware shi, sau da yawa ya kan zama abin da suka kira shi. Kwalin nan yana cikin gwangwani tun tuni, wai mun gama da shi.

Ran Asabar na nemi gidansu. Uwarsa ta yi mini magana daga bayan ƙofa. A nan na ji uban ya rasu, yaron kuwa tun asuba ya ke tura kurar ruwa zuwa gidaje kafin ya zo makaranta, shi ya sa makara, shi ya sa jan ido. Tabon goshi kuma ƙarfen kurar ne. Na ce, "Inna, na zo neman gafara ne, na zalunci ɗanki." Ta ce, "Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma shi za ka roƙa, ba ni aka doka ba." Na roƙe shi a gaban ƙannensa. Ya sunkuyar da kai ya ce ba kome. Ya komo makaranta ran Litinin, na mai da shi layin gaba, na ba shi riƙon alli da rajista. Har na gama kwanakina a makarantar bai sake ɗaga hannu ya amsa tambayata ba, ko da ya ke na sani ya san amsar, don ina ganinta cikin littafinsa.

Abokina ya shiga jarrabawa bayan wannan da wata guda. Kwana ukun nan ban yi barcin kirki ba. Da sakamako ya fito, ya wuce 75 a jimla, a fannin bincike da na gwaje-gwaje ma ya yi fice. Amma a fannin gidan yari ya gaza 60 da ɗan kaɗan, aka jingine shi. Laifin kuwa namu ne mu biyu. Fannin ba shi da daɗin karatu, babu ɓarawo da a ke bi, babu asiri da a ke tonawa, sai dokokin tsare mutane da ciyar da su da sakinsu. Kullum muka zo kansa sai mu ce gobe. Kwalayensa ma ban gama yankawa ba.

Ya yi baƙin ciki ƙwarai, uwarsa ta riga ta yi maganar ƙyallen ƙofar gida da maƙwabta. Ya tuna mini da cewa ni na fara kiran ƙa'idar nan zalunci, yana so in sake faɗa ya ji sanyi. Na kasa. Na ce masa ina taya shi jin zafi, amma yanzu ina ganin masu dokar sun fi ni hankali. Mutumin da za a ba ikon kama mutane, in ya gwanance wajen kamu bai san abin da a ke yi da wanda aka kama ba, rabin aikin ya sani, ragowar rabin kuwa a jikin wani za a koye shi. Wanda ke tsare a kurkuku ba ruwansa da makin da mai tsaronsa ya ci a zanen yatsa. Ni ma da za a auna ni ranar Larabar nan, a tsara darasi da rubutun allo da na ci da yawa, jimlata da ta yi kyau, a fanni guda kuwa da na sami sifiri, kuma a kan wannan fannin yaro ya yi durƙuso a rana. Mu ma nan muna da jarrabawar hukumar rajistar malamai a gabanmu kafin a ba mu lasin koyarwa, na kuwa lura yawancinmu, har da ni, mun fi ƙwazo kan abin da ke da daɗin haddacewa, muna tsallake babin halin yara da ladabtarwa da cewa ai wannan kowa ya sani. Bai ji daɗin maganata ba, ya yi kwana huɗu bai kira ni ba. A na biyar wayata ta yi ƙara ƙarfe tara daidai, ya ce, "Ustaz, ɗauko almakashi."

Yanzu watanmu biyu a kan fannin nan guda, kuma ashe ba shi da ƙaranci kamar yadda muka zata. Mun koyi cewa a ƙasarsu wanda aka yanke wa fiye da shekara 3 fursunan gwamnatin ƙasa ne, a kan kai shi manyan gidaje irin na Bilibid da ke Muntinlupa kusa da Manila, mai ƙasa da haka kuwa ya zauna a na lardi ko na gari. Mun koyi sun soke hukuncin kisa a 2006. Mun koyi ɗaurin talala iri biyu ne, kuma masu jarrabawa suna son rikita mutum a kansu. Ɗaya alƙali ke ba da shi, mutum bai ko shiga kurkuku ba, sai ya zauna gida ƙarƙashin idon jami'i, a ƙasarsu kuwa ba a ba wanda hukuncinsa ya wuce shekara 6. Ɗayan sai mutum ya yi wani kashi na wa'adinsa a ciki, sa'an nan wata hukuma ta duba halinsa ta sake shi bisa sharaɗi. Na farkon wani mai ɗinkin takalma ne na Boston ya faro shi a 1841, John Augustus, wanda ya roƙi alƙali ya ba shi wani mashayi ya tafi da shi gida maimakon a ɗaure shi, ya komo da shi bayan mako uku ya natsu. Wannan labari na sa abokina ya maimaita mini shi sau biyu, ba don jarrabawa ba.

Dama ɗaya ta rage masa, kuma 80 a ke nema. A gwajin da na yi masa daren jiya, cikin tambaya hamsin ya kuskure goma sha ɗaya, watau da sauran aiki. Waɗanda ke kwana kusa da ni, masu ƙorafin suna jin ina magana da Turanci cikin duhu ina ambaton fursuna da gidan yari, ku ƙara haƙuri, ba wani abu ya same ni ba. In kuma akwai mai gwangwanin madara babba wanda ba ya amfani da shi, ina so, nawa ya cika.